Rumbun Araha da Wasiƙun Kakana

Har yau idan na ji wani yana yabon kaya da cewa ga kyau ga araha, sai in ji raina ya ɓaci. Matata ta sani, ba ta faɗar haka a gabana ko a kan tumatir.

Mahaifina bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Kakana ya bar gidanmu na Yakasai ya nufi Makka a ƙafa, ya bar kakata da ciki, kuma a hanya Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya dawo gida kawai wasiƙu ne guda bakwai da ya rubuta da ajami, ya riƙa ba wa masu komowa. Baba yana ajiye su a cikin wata tsohuwar gafaka. Duk ranar Juma'a bayan ya sauko daga masallaci sai ya fito da su ya shimfiɗa a kan buzu, ya yi ta kallo. Ba karantawa yake yi ba, kallo dai yake yi.

To, takarda ba ta da ƙarfin dutse. Gara ta ci gefe, damuna ta taɓa wasu, har ta kai idan ya ɗaga ɗaya sai ɓurɓushi ya zubo. Wannan ya dami Baba ƙwarai, domin kowace wasiƙa da bisimilla ta fara, ga ayoyi a ciki. Sai ka gan shi a durƙushe yana tsintar ɓurɓushi da yatsa, kada wani ya taka sunan Allah.

A shekarun nan ne soja suka koma bariki, wayar salula ta shigo, aka fara buɗe shagunan intanet da muke ce wa kafe. Ni kuma ina koyarwa a makarantar sakandare, na iya kunna kwamfuta, don haka a unguwa ana yi mini kallon wanda ya san abin duniya. Nima na yarda da hakan, kuma nan ne matsalar. Na ce da Baba zan ɗauki hoton wasiƙun in sa su a shafin intanet, inda gara ba ta kaiwa, kuma danginmu na nesa su gani.

Mai kafen da nake zuwa wajen Ƙofar Wambai ya yi mini bayani. Shafi sai da wurin zama, kamar yadda kaya ke buƙatar rumbu. Akwai kamfanonin da ke ba da hayar wannan rumbu. Ya nuna mini wani na ƙasar waje da ya daɗe ana aiki da shi, amma da tsada. Sannan ya ce akwai wani sabo a nan bayan gari, mai sauƙi, sai dai shi bai san su ba. Kalmar sauƙi kawai na ji, sauran maganar ta bi iska.

Na je ofishin. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, da fanka, da labule, da wani mutum mai ƙyallin takalmi da baki kamar zuma. Ni kuwa ɗan cikin gari, jikan 'yan kasuwa, a gidanmu abin kunya ne ka sayi abu a farashin farko. Na zauna na gyara riga na fara ciniki kamar mai sayen rago. Na taya, ya ce albarka. Na miƙe kamar zan tafi, ya kira ni. Ya rage, ya sake ragewa, ya ƙara mini shekara biyu a kai.

“Malam, ka iya ciniki,” in ji shi yana dariya. “Sai ka ce a kasuwa aka yanke maka cibiya.”

Wannan yabo ya fi ragin daɗi a kunnena. Ban tambaye shi ina rumbun yake ba. Ban tambaye shi me zai faru idan abin ya lalace ba. Ko ɗan tunanin cewa mai kayan kirki ba ya sallamawa da wannan saurin ban yi ba. Abu ɗaya na tambaya, ko in ci gaba da ajiye kwafin hotunan a faifaina na kwamfuta.

“Haba Malam! To mu mene ne aikinmu? Mu ne ajiyar. Ko jikokinka za su zo su tarar.”

Da na koma gida ina ta cika baki, Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Wannan mai ajiyar, ɗan gidan wa ne?”

Na ce, “Baba, ai kamfani ne. Ba a tambayar haka yanzu.”

“To wa ya san shi? In ka neme shi ka rasa, ƙofar wa za ka buga?”

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi wa mahaifina, na ce masa zamani ya canja. 

Da shafin ya tashi na kai Baba kafe. Ya zauna a bakin kujera, ya matso da fuskarsa dab da gilashin kwamfuta. Ga rubutun kakana, ya fi na takarda fitowa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni sau uku ko na tabbata ba zai goge ba. Sau uku na ce masa na tabbata.

A wajenmu, takarda mai sunan Allah idan ta tsufa ta fara zubewa, ba a barin ta tana wulaƙanta, binne ta ake yi ko a ƙona. Baba ya daɗe yana jin nauyin wannan, son uba ne ya hana shi. Yanzu da na ba shi tabbaci, sai ya sayo farin ƙyalle, ya naɗe wasiƙun, ya kai su inda ƙafa ba ta takawa ya binne. Ina tsaye na riƙe masa fartanya. Faifan nawa kuwa na goge shi na zuba tambayoyin jarrabawar ɗalibai, tunda ai mutumin ya ce su ne ajiyar.

Ba a rufa shekara ba, wata Juma'a Baba ya ce in bugo masa wasiƙa ta huɗu a takarda. Ita ce wadda kakana ya rubuta cewa idan abin da ke cikin kakata ya zo namiji, a gaya masa ubansa yana yi masa addu'a a kowane zango. Na je kafe na buga adireshin. Farin shafi ya fito da layi biyu na Turanci. Na sake bugawa, haka. Mai kafe ya ce kwamfutar da muka ɗauki hotunan da ita an daɗe da wanke ta, an goge duk abin da ke ciki.

Na hau acaɓa zuwa bayan gari. Ɗakin yana nan, fankar tana nan, amma wata mata ce a ciki tana sayar da katin waya. Ta ce mutumin ya tashi tun kafin azumi, kuma ni ne na wajen biyar da na zo nemansa. Daga baya na gane shi ma haya ya kama a hannun wasu, ya yayyanka mana, da ya daina biya aka share komai. Wato ko rumbun ba nasa ba ne! Mutum ya dubi tsabar idona ya ambaci jikokina, alhali ya san ko damuna ɗaya ba zai kai ba. Na yi sati biyu ina yawo ina tambaya. Babu wanda ya san unguwarsu, babu wanda ya san ubansa. Tambayar Baba ce nake ta maimaita wa mutane, da bakina.

Na je wurin da muka binne ƙyallen na tona. Damuna ta riga ni.

Ranar da na gaya wa Baba, na shirya shan faɗa, kuma na so ya yi, da na ji sauƙi. Ko araha ba ta ado bai ce mini ba. Na ɗauko biro da takarda na ce ya faɗa mini abin da ke cikin wasiƙun in rubuta, tunda na san ya haddace su. Ya kalli takardar, ya kalle ni.

“Maganar tana kaina tun ina yaro,” in ji shi. “Ba ita nake fitowa da ita ran Juma'a ba. Hannunsa nake kallo.”

Ya rayu shekara shida bayan haka, kuma duk Juma'a sai ya sauko da gafakar ya kakkaɓe mata ƙura ya mayar. Babu komai a cikinta. Yanzu tana rataye a ɗakina.