Ranar da Mai Kafaɗa Ya Zama Kaya

A layin da manyan motoci ke sauke kaya, ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Kafaɗa. Ɗan dako ne tun yana saurayi. Siminti da gishiri da kwalayen tayil duk sun bi ta bayansa, har kafaɗarsa ta dama ta yi kanta, ta fi ta hagu tudu. Hali ɗaya aka san shi da shi: ba a ɗaukar masa kaya. Ko ledar cefane matarsa ta miƙa hannu za ta karɓa, sai ya kauce kamar an zage shi.

Autarsa, wadda yake kira Uwata, siririya ce, ba ta da auki. Ita ce ta shiga soja, ɓangaren masu jinya, waɗanda ke bin mayaƙa da jakar magani a baya. Ɗaure rauni, tsayar da jini, neman jijiya, duk hannunta ya faɗa. Abu ɗaya ya tsaya mata a horon daji: a ɗaga wanda ya suma, a saɓa shi a kafaɗa, a haura tudu da shi zuwa motar asibiti. Ta gwada, ta zube tare da mutumin. Saje mai horar da su ya ce dama ɗaya ta rage mata, in ta sake faɗuwa ta tattara jakarta.

Da ta zo gajeren hutu, gidan gaba ɗaya ya koma fagen fama. Aka janye igiyar shanya, aka tura randa gefe. Yayanta makaniki ya kwanta a siminti yana nishi kamar an sare shi, ta saɓa shi, ta zaga tsakar gida, Inna mahaifiyarsu na tafa mata. Kwana biyu ana haka, kowa na cewa ai an gama.

Mai Kafaɗa yana kan benci, bai tafa ba. Idon da ya tsufa a kan kaya ya ga abin da sauran ba su gani ba. Hannun makaniki ya saƙale wuyanta, babban yatsan ƙafarsa kuma yana dogara ƙasa a duk tashi.

"Kai makaniki, wane irin sumamme ne ke tafiya da ƙafa ɗaya?"

"Baba, tausayi ne. Dubi wuyanta fa, kamar na kwalba."

"Tausayin nan naka shi zai koro ta gida."

Ya cire hula, ya ajiye kan benci, ya miƙe a siminti.

Inna ta riƙe haɓa. "Baban yara, kai da ko leda ba a riƙe maka?"

"Yau ni ne ledar. Uwata, zo ki kwashi mutuminki."

Ya rufe ido, ya saki jiki. A nan ya gane bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Yana jin numfashinta na sarƙewa, yana jin gwiwarta na rawa, hannunsa yana roƙonsa ya kama, ƙafarsa tana neman ƙasa da kanta. Ya hana su. Ya bar kansa ya langaɓe, ya bar duk nauyin da ya tara a duniya ya sauka a kan yarinyar da ya taɓa ɗauka da tafi ɗaya. Suka zube tare. Gwiwar hannunsa ta goge, jini ya tsattsafo.

Kafin Inna ta gama salati, auta ta danne wurin, ta naɗe shi tsaf. "Baba, ka ji ciwo?"

"Sumamme ba ya magana."

Sai da ta gama ɗauri ya buɗe ido ɗaya. "Baya kike sawa. Shiga ƙarƙashin kayan, ki bar cinya ta tashi da shi."

"Haka Saje ma yake cewa."

"To ashe yana da hankali."

Har hutun ya ƙare, kullum da hantsi yana kwance a siminti. Suka faɗi, suka sake faɗuwa, maƙwabta na leƙe ta katanga suna tambaya ko lafiya. Ranar da za ta koma, ya ji ƙasa ta rabu da shi gaba ɗaya. Ya ga tsakar gidansa a kife, randa a sama, sararin Allah a ƙasa, ana tafiya da shi. Bai ce komai ba, ai sumamme ne.

Ranar rufe horo aka gayyaci iyaye, aka tsayar da su bayan igiya. Hayaƙi ya turnuƙe filin, ƙarar harbin gwaji na tashi. Wanda aka kwantar mata kukun bariki ne, ƙato mai faɗin ƙofa.

Makaniki ya ce, "Wannan ai mutum biyu ne a riga ɗaya."

Ta durƙusa, ta duba numfashinsa, ta ɗaure masa cinya, sannan ta shige ƙarƙashinsa ta tashi. A tsakiyar tudu gwiwarta ɗaya ta taɓa ƙasa. Mai Kafaɗa ya ji kafaɗarsa ta dama ta ɗaga da kanta, igiyar ta nutse a tafinsa. Auta ta tsaya, ta gyara kayanta kamar yadda ake gyara buhu, ta miƙe. Ba ta sake tsayawa ba sai bakin motar asibiti. Saje ya busa usur, ya nuna mata layin waɗanda suka haye.

Ta zo wurinsu da ƙura har gira, Inna na share mata fuska da bakin mayafi, makaniki na gaya wa na kusa da shi cewa shi ya horar da ita. Jakar da suka zo da ita tana rataye a kafaɗar Mai Kafaɗa. Auta ta miƙa hannu.

"Baba, kawo."

Ya dubi hannun, ya dubi matarsa. Sannan ya sauke jakar ya ba ta, ya bi bayanta yana kaɗa hannuwa biyu, wofi, kamar baƙo a jikinsa.