Lemon da Aka Matse Tun da Hantsi

A gidanmu na Aujara akwai bishiyar lemun tsami guda ɗaya a bayan madafi, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ta kakarmu ce, Iya. Lokacin bazara, in an ci tuwo bayan magariba, sai ta zauna gefen murhu da ƙwarya a gabanta, mu kuma mu kewaye ta. Aikinta da tsari yake. Da farko ruwan randa. Sannan sukari, ta juya har ya narke. Sai ta murza lemo a tafin hannu, ta yanka, ta matse ta cikin rariya. Lemo ne na ƙarshe, kuma nan take ake sha.

Tana juya ruwan take fara tatsuniya. "To, ga ta nan ta iso. Mai gyangyaɗi ba shi da rabo."

Ta ce wata mata ce, ɗanta ya yi kudu da shanu har shekara biyu. Ran nan aka aiko mata cewa yau zai iso. Tun da hantsi ta tsinko lemo, ta matse, ta rufe da faifai, ta zauna bakin ƙofa. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Sai gab da magariba ya shigo. Lemon da ya wuni a matse kuwa ɗaci yake yi. Ya kafa kai ya shanye tas.

Na ce, "Laifinta ne. Ba ta bi tsari ba."

Iya ta dube ni ta yi dariya. "Ke dai Hajara, alƙaliya aka haifa mana. Miƙo kofinki."

Shekara da shekaru na ɗauki tatsuniyar a matsayin gargaɗi ga mai garaje. Haka na koya wa 'ya'yana.

Yanzu ina zaune a Yalwawa da tawa bishiyar, gwiwa ta fara ƙi. Ɗana Sani yana aiki a Legas, rabona da shi salla uku. Ya ce ranar Juma'a zai zo. Na san ƙa'ida sarai. Amma ranar Juma'ar, ƙarfe goma na safe sai ga ni da wuƙa a hannu, na riga na matse lemo shida a kwano, domin zama haka nan ya gagare ni. A ranar na gane matar nan ba mantuwa ta yi ba. Jira ne ya gajiyar da ita, ta nema wa hannunta abin yi.

Da la'asar ya bugo waya. "Umma, ki yi haƙuri, aiki ya taso. Sai wata mai zuwa."

Na ce Allah ya kai mu. Na ɗauko kwanon, na zauna a tabarma na sha ni kaɗai. Ban ƙara sukari ba.