Garmar Farko

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni a Birnin Gwari, amma ƙarfen da muke ƙira da shi ba namu ba ne. Mutanen ƙauyukan dajin Kamuku ke haƙo tama su narka ta, mu saya a hannunsu. In suka ga dama su kawo, in ba su ga dama ba mu zauna muna kallon zugazugi.

Wata shekara yayana, wanda shi ne babba a maƙerarmu, ya ce ya gaji da zaman jira. Sai muka yi shawara da wani tsoho mai ramin tama a cikin dajin. Mu za mu ciyar da masu haƙa duk rani, duk ƙarfen da ya fito kuma namu ne. Rumbun dawarmu muka buɗe. Ni na riƙa kai ta a kan jaki, ƙudan tsando na cizona, ƙafafuna duk faso. Kai, na sha wuya!

Abu ɗaya tsohon ya gindaya mana. A al'adarsu, garmar farko da aka ƙera da ƙarfen sabon rami, wurin mai ramin ake mayar da ita. Ba noma zai yi da ita ba, ratayewa yake yi, shaida ce ta cewa an san inda arzikin ya fito. Yaya ya ce wannan ai ba komai ba ne.

Ƙarfe ya zo, mai kyau, garmar ta fito sai sheƙi. Ana cikin haka sai ga surukin Yaya daga Kusasu, ya ɗaga ta yana ta yabo. Shi kuwa Yaya, a yabe shi ya manta da hularsa. Nan take ya ce ya ba shi.

Na ja shi gefe na ce, "Yaya, ta tsoho ce fa."

Ya ce, "Garma garma ce. Ƙera masa wata, wa zai faɗa masa?"

Wa zai faɗa masa! Surukin nan ko kaza ya saya sai kasuwa ta ji. Kafin in kai garma ta biyu, labari ya riga ni isa daji. Tsohon ya karɓa, ya juya ta, ya miƙo mini. Bai yi faɗa ba, ya ma sa aka ba ni ruwa. Ya ce in gaida Yaya, ramin kuma maƙeran Tabanni sun daɗe suna nemansa. Haushi ya sa ban ko sha ruwan ba.

Ɗan ƙarfen da ya rage muka ƙarar kafin ruwan shuka. Manoma suka riƙa wucewa ta ƙofarmu zuwa Tabanni, wasu ko sallama ba sa yi. Rumbu wayam, wuta a mace.

Da noman fari, garmar Yaya ta karye a gonarsa, babu ƙarfen gyara. Ya aike ni Kusasu in aro masa waccan wurin surukinsa. Na je, na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Mutumin ya ce in yi haƙuri, shi ba ya ba da aron garmarsa, don irin wannan ƙarfen yanzu sai a Tabanni.