Masarar Taubashi

Tun Mubaraka tana 'yar firamare a Burumburum aka san ba ta ƙyale abu sai ta ga cikinsa. Ta taɓa kwance rediyon mahaifinta, Malam Gwadabe, don ta ga mutumin da ke magana a ciki. Mutum dai ba ta gani ba, amma ta ga bulala. Da ta ce kwamfuta za ta karanta, dangi suka ce madalla, an samu mai buga katin biki a gida. Ta yi digiri na ɗaya, ta yi na biyu, jami'a ta riƙe ta tana koyarwa, ko katin suna ba ta buga wa kowa ba. Har yau akwai gwaggonnin da ba su huce ba.

Da ta shiga neman digirin digirgir, sai ta zaɓi ta haɗa manhajar da manomi zai haska wa ganyen masara da wayarsa, ta gaya masa ciwon da ke damun shukar. Ita kuwa irin wannan manhaja tamkar jariri take, abin da aka nuna mata shi ta sani. Sai ta ga dubban hotunan ganye, mai lafiya da mai ciwo, kafin ta iya bambancewa. Mubaraka ta gwada hotunan ƙasashen waje, manhajar ta iso gonakin nan ta rikice.

Farfesa Muhuyi, mai duba aikinta, bai ɓoye mata ba.

"Mubaraka, wa'adinki da kakar bana zai ƙare. In kika dawo babu hotunan gonakinmu, kwamiti zai sallame ki. Kin kuma san malamin jami'ar da ba shi da digirgir, kujerarsa ƙafa uku gare ta."

Ta tattara ta dawo gida a tsakiyar marka. Da yake 'yar mutunci ce, sai ta bi ta ƙofa: ta gaida dagaci, aka sanar a gari cewa 'yar Malam Gwadabe za ta zagaya ɗaukar hoton gonaki. Ta hau acaɓa ta bi Burumburum, ta bi Tudun Wada, ta haura Doguwa inda hanya ke kwance wa mutum ƙugu. Duk gonar da ta shiga tsaf take, masara kamar za ta gidan miji. Mai gona ya tarbe ta da babbar riga, ya kai ta kunyar da ta fi kowace kyau.

"Baba, babu tsutsa?"

"Tsutsa? A gonata? Allah Ya kiyaye. Sai dai ko can gaba."

Can gaban ma, can gaba za a ce mata.

Ta zuba wa manhaja hotunan, manhaja ta koyi darasi guda: komai lafiya lau. Ta haska mata busasshen ganye, ta ce lafiya. Ta haska mata faifan innarta, ta ce masara ce mai ƙoshin lafiya.

Wata safiya ta biya gonar mahaifinta ba sanarwa, ta hango hayaƙi bayan kuka. Ta tarar da tsohon a tsugune yana tura ganye cikin wuta, duk mai huji-huji da rawaya.

"Baba! Abin da nake nema ke nan kake ƙonawa."

"Ke Mubaraka, hoton nan ba Kano za shi ba? Manyan mutane su zauna, a ce ga gonar Gwadabe tsutsa ta yi gida? Baƙo ai share masa gida ake yi."

"Ba za a sa suna ba, Baba."

"Ni ai na san tawa ce."

Nan ta gane duk inda sanarwarta ta riga ta, an tsinke ganyen kafin ta iso. Ga shi masara ta yi goyo, ganye ya kusa fara bushewa, wanda ya bushe kuwa ba a rabe mai ciwo da mai lafiya. Ta roƙi mutane, ta yi bayani har murya ta dishe. Kowa ya ce gaskiya ne, ya kuma kai ta kunya mai kyau.

Tana zaune a ƙofar gida ranta a ɓace, sai ga Mudassir, ɗan gwaggonta, taubashinta, ya faka babur.

"Dakta ba allura! An ce na'urarki ta duba faifai ta ce a yi masa taki."

"Bawana, kai har kana da bakin magana? Gonarka fa tsutsa kasuwa take ci a ciki."

Tsokana kawai ta yi, ko gonar ba ta leƙa ba. Amma Mudassir ya zabura.

"Wa ya gaya miki? Sagir ne ko? Hau mu je ki ga tasa!"

Sagir ɗan gwaggonsa ne, ƙanwar mahaifinsa, wato shi ma abokin wasansa. Mudassir bai tsaya ko'ina ba sai ƙuryar gonar Sagir, yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. "Ɗauki wannan. Ɗauki wancan, har da tsutsar tana kallon ki." Sagir ya iso a guje, ya ga abin da ake yi, ya fashe da dariya ya ce wallahi sai an je ta Mudassir yanzu-yanzu.

Ranar kasuwar Tudun Wada Mubaraka ta samu gefen wata rumfa ta kafa sabuwar doka: kada wanda ya nuna mata gonarsa, ta abokin wasansa kawai take so. Taubasai suka yi mata caa. Jikoki suka tona asirin kakanni. Wani Bazazzage mai sayar da citta ya rufe rumfarsa don ya raka ta gonar wani Bakano, yana cewa lada yake nema.

Sau ɗaya abin ya ɓaci. Wani ya kai ta wata gona a hanyar Doguwa, ganyen ya haɗa ciwo iri-iri, ba ta taɓa samun hotuna masu kyan waɗannan ba. Ashe gonar surukinsa ce, tsakaninsu kuwa kunya ce, ba wasa ba. Dattijon ya yi fushi har 'yarsa ta fara haɗa kaya. Mubaraka ta je ta durƙusa a zaurensa, ta ba shi haƙuri, ta goge hotunan yana kallo. Washegari ta fita wata gonar, amma daga ranar sai ta tambayi dangantaka kafin ta ɗaga waya.

Kafin a karya masara ta tara abin da ya ishe ta. Ta zauna da malamin gona suka sa wa kowane hoto sunan ciwonsa, ta sake koya wa manhajar daga farko. A gaban kwamiti aka baje ganyaye a tebur. Manhajar ta gane tsutsa, ta gane ciwon tsatsar ganye, ta yi tuntuɓe a kan wani mai rawaya, Mubaraka ta ce ta san da shi, hotunansa ne suka yi kaɗan. Suka yi shawara, suka sa hannu ta ci gaba.

Da suka fito, Farfesa Muhuyi ya ce, "Zancen taubasan nan ki cire shi daga kundin. Masu karantawa a waje ba za su gane ba."

"Ranka ya daɗe, sai su koya. Wanda zai zo bayana ɗaukar hoton dawa, kada ya yi asarar rabin damina kamar ni."

Farfesa ya dube ta, ya gyara hularsa.

"To, ki sa shi a babi na uku. Amma ki yi bayanin suruki da kyau."