Munduwar da Ta Yi Baƙi

Inna ta bar mana mundaye biyu na azurfa, ɗaya tawa, ɗaya ta yayata. Lokacin jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, tafiya sai a ƙafa ko bisa jaki. Ni ina aure a Bungudu kusa da gida, ita kuwa tana Tsafe da tsohon ciki, ko zaman makoki ba ta samu zuwa ba. Sai ta aiko cewa in riƙe mata tata.

Tawa na zura a hannu tun ranar. Tata kuwa, don tsabar tattali, na naɗe a tsumma na jefa cikin 'yar tukunyar da nake ajiye magunguna, na tura ƙarƙashin gado. Damina ta wuce, rani ya wuce, ban ko leƙa ta ba.

Da yayata ta zo ganin gida da goyonta, na ɗauko mata munduwar ina taƙama. Muna warware tsumman, sai ga abin da ban zata ba. Munduwar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ga tawa tana walƙiya a hannuna. Yayata ba mai hayaniya ba ce. Ta jujjuya ta, ta dubi hannuna, ta ajiye ta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wata dillaliya maƙwabciyarmu, mai shiga sharo ba shanu, ta ɗaga ta a tafin hannu ta ce dalma ce, an yi musanya. Ba ta ko numfasa ba ta ƙara da cewa a bar mata, za ta san yadda za ta yi da ita. Maƙerin unguwarmu, wanda fartanya da lauje ne aikinsa, ya ce sai ya sare ta biyu ya ga cikinta. Na ce kayan Inna ne, ba rogo ba. Cikin kwana biyu magana ta zaga gari, wai na ci amanar 'yar'uwata. Na yi kuka har na gaji, don ni kaina na fara tunanin ko wani ya shigar mini ɗaki.

Kawunmu ne ya raba gardamar. Ya ce a nemi wanda azurfa ce aikinsa tun yana yaro, kuma ba shi da niyyar saye. Ya san wani tsohon maƙerin farfaru a Gusau, irin masu ƙera kayan adon mata, da ya daina ciniki. Gusau kuma kan hanyar yayata take. Muka kama hanya da sassafe mu uku, ita a gaba, ni a baya.

Tsohon bai yi gaggawa ba, har na fara jin haushinsa. Ya rataye mundayen biyu a zare, ya ƙwanƙwasa kowace da ɗan ƙarfe yana kasa kunne. Ya auna su a ɗan sikelinsa. Sannan ya shinshina tsumman, ya ɗago kai.

“Ɗiyata, ina kinka aje ta?”

Na ce cikin tukunyar magani. Ya tambayi abin da ke ciki, na lissafa masa: kanwa, jar kanwa, da farar wuta da nake haɗa maganin ƙazuwa da ita. Ya yi dariya har da tari. Ya ce azurfa ba ta shiri da farar wuta, kusantarta kaɗai ya isa ta baƙanta ta. Ya jiƙa toka da ruwan tsamiya ya murza gefe guda da babban yatsa, sai ga fari ya fito, har da ɗan zanen da muka sani tun muna yara.

“Hannu guda ya ƙera su,” in ji shi. “Ba a taɓa ta ba.”

Na zauna a ƙasa. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke mini. Kawu sai tsiya yake mini, wai na ba munduwa magani alhali lafiyarta lau.

A bakin gari hanya ta rabu, ta Tsafe da ta Bungudu. Na tsaya ina jiran yayata ta ba ni haƙuri, don har na shirya irin jan ajin da zan yi. Ba ta bayar ba. Ta gyara goyonta, ta kama hannuna, ta zura mini munduwarta kusa da tawa.

“Riƙe mini har kaka,” ta ce. “Amma ki raba ta da tukunyar nan.”