Akwatin Mwalimu Wafubwa

Shekara goma sha tara Naliaka ta yi tana buga takardu a ofishin wani kamfanin sukari, har ranar da aka tara ma'aikata aka ce kamfani ya gode. Da kuɗin sallamarta ta sayi tsofaffin kwamfutoci uku da wata firinta mai tari, ta kama shago kusa da tashar motar Webuye. A nan furfura ta same ta, ko da yake duk wanda ya faɗi haka a gabanta ya sayi rigima da kuɗinsa.

Rabin dattawan garin ita ta buɗe musu imel. Gwamnati ta maida komai intanet, fom ɗin haraji ne, takardar fili ce, fansho ne, ga mutanen da ko adireshinsu ba sa riƙewa balle lambar sirri. Sai Naliaka ta riƙe musu. Ita ke zaɓen lambar, ita ke haddace ta, kuma duk inda aka nemi lambar waya tata take sakawa, don a cewarta tsofaffi ba su da aiki sai yar da waya a gonar rake. Kowace safiya, kafin shayinta ya huce, takan bi akwatunan imel ɗinsu ɗaya bayan ɗaya ta ga wa aka rubuto wa. Ba ta taɓa kiran wannan leƙe ba. Kulawa ce, in ji ta, kuma gaskiya ba mutum ɗaya ba ne ya tsallake tara saboda ita.

Akwatin da ta fi ji da shi na Mwalimu Wafubwa ne, wato Malam Wafubwa, tsohon shugaban firamare, mutumin da ba ya rabuwa da kwat ko rana na dukan ƙeya. Shekara goma sha ɗaya duk Talata sai ya jingine kekensa a bakin shagon ya ce, "Mama Sifuna, duniya ta tuna da ni?" Haka yake kiranta, da sunan ɗanta. Ta san 'yarsa da ke aikin jinya a ƙasar waje, ta san rigimar gonarsa da ƙaninsa. A ranta Mwalimu nata ne, shi da akwatinsa duka.

Ana nan sai Khayanga, wadda suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a sahun mawaƙan coci, ta buɗe irin wannan shago a tsallaken titi. Kwamfutoci sababbi fil, kowace an kange ta da katako kamar akurkin kaji. Naliaka ta kai mata mandazi, irin fanken garin, na murna, ta dawo ta ce wa mai gasa masara wai ita ba ta taɓa ganin shagon da mai shi ke tsoron mutanenta ba. Samari suka koma can, ko a jikinta. Amma Mwalimu ya yi Talata biyu bai zo ba, a ta uku kuwa ta ɗaga kai ta hangi kekensa jingine da bangon Khayanga.

Kishi ya turnuƙe ta, ba wani suna da za a ba shi. Me Khayanga ta fi ta? Matar da ke buga rubutu da yatsa biyu, matar da ko a coci sai ta saci kallon bakin Naliaka kafin ta kama waƙa. Shekara goma sha ɗaya, a ce kujera mai taushi ta kwashe mata shi? Tana cikin wannan saƙa da warwara wayarta ta yi ƙara. Lambobi shida ne, irin waɗanda ake turo wa mai son canja lambar sirri. Ta kifa wayar a kan tebur, ta gyara zama.

Khayanga ce ta fara tsallako titi. "Yaya, ko wasu lambobi sun shigo wayarki?"

"Wayar tawa ma ta shiga cikin kayan shagonki ne?"

"Haba Yaya. Na Mwalimu ne, yana jira."

"Ƙafarsa ta san hanya ai. Shekara goma sha ɗaya ba ta ɓata ba."

Da Mwalimu ya shigo bai zauna ba, ya cire hularsa ya riƙe. Ita kuwa ta riga ta ja masa kujera, ta buɗe akwatin nasa, tana jin nasara har cikin ƙashinta.

"Ga shi nan a buɗe, Mwalimu. Me za ka yi da sabuwar lamba? Kwana biyu za ka manta ta. Ko shayin can ya fi sukari ne?"

"Ba a ba ni shayi a can, Mama Sifuna."

"To me ta ba ka?"

"Bayanta. In zan buɗe abu sai ta juya ta fita." Ya dubi akwatin nasa da ke buɗe. "Gwajin da na yi a Eldoret, wata Juma'a kafin in daina zuwa asibiti suka turo sakamakon cikin akwatin nan. Ranar Lahadi fasto ya kira sunana cikin marasa lafiya, har da sunan ciwon. Matata na zaune kusa da ni. A nan ta ji, a nan ni ma na ji. Ai kin san sai Talata nake zuwa."

Naliaka ta ce, "Addu'a na nema maka, Mwalimu. Da na gani ko abinci kasa ci na yi."

"Na sani, shi ya sa ban zo da faɗa ba. Gobe za su turo na biyu, wanda zai nuna ko aiki za a yi mini ko an makara. Ina so wannan karon ni in fara gani."

Ta so ta ce masa lambobin sun lalace, ko wayar ba caji. Ta so ta tambaye shi wa zai karanta masa ƙananan rubutun, da idon nan nasa. Ta juya wayar, lambobin farko kam sun mutu, sai da ya leƙa ya yi wa Khayanga alama aka sake turo wasu. Ta karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a tafin hannunsa da biro. Ya yi godiya kamar yadda ya saba, ya tsallaka.

Washegari da safe, ta san ba kyau, amma hannunta ya riga ta. Ta buga adireshinsa, ta buga tsohuwar lambar. Kwamfuta ta ce ba daidai ba. Ta sake, a hankali, harafi bayan harafi, kwamfuta ta kuma cewa ba daidai ba.

Wajen ƙarfe goma keken ya iso tsallake. Khayanga ta fito ta zauna a benci ta ba wa ƙofa baya, tana ɓare rake abinta. Wannan ya fi komai ƙona ran Naliaka: abin da ita ta kwana tana tunani yana nan taku uku daga matar, amma ko wuya ba ta juya ba.

Mwalimu ya daɗe a ciki. Da ya fito yana ninke takarda, ya sa ta a aljihun kwat ya ɓalla maɓallin aljihun. Naliaka ta miƙe ta tsaya a ƙofa, tana laluben fuskarsa daga nesa, motoci na gittawa tsakaninsu. Ya gan ta, ya ɗaga mata hula, ya tura kekensa ya yi gaba. Ta kasa gane ko murna yake ko kuka ya haɗiye, kuma a garin kaf babu wanda za ta tambaya.