Ranar da Alhaji Shu'aibu Ya Tashi Daga Teburin Tattaunawa

Har yau ban manta da ranar da shugaban ayarinmu ya rufe fayil ana tsakiyar magana, ya tashi ya fita, ya bar ni da baƙi ransu a ɓace ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha jin labarin, kowa da gishirin da yake ƙara masa. Ni ina wurin, don haka bari in faɗa muku yadda aka yi.

Ga wanda bai san aikinmu ba, jirgin wata ƙasa ba ya tasowa haka kawai ya sauka inda ya ga dama ya kwashi fasinja. Sai gwamnatocin biyu sun zauna sun ƙulla yarjejeniya: waɗanne garuruwa za a sauka, sau nawa a mako, kamfanonin wa da wa. Kowace ƙasa tana turo ayarin jami'ai, kuma shugaban ayari kaɗai ke da ikon cewa an amince. Idan an gama, shugabannin biyu su sa hannu a kan abin da aka cimma, sannan a miƙa wa na sama. In zama ya watse ba a sa hannun nan ba, sai a yi shekara da shekaru ba a sake haɗuwa ba.

A lokacin ina mataimakin darakta. Daraktanmu shi ne Alhaji Shu'aibu, mutumin Toranke a ƙasar Ajingi, ni kuma ɗan Gaya, shi ya sa yake kirana maƙwabci in yana cikin nishaɗi. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya kafe a kan abu ko da tarakta ba ka janye shi. Na san gidansu, na san mahaifiyarsa, Inna, wadda duk zuwana sai ta tambaye ni ko har yanzu ba a ba mu jirgin mun tuƙa ba.

A wata damina, ana saura kaɗan Alhaji ya yi ritaya, muka karɓi ayarin wata ƙasa da ba zan faɗi sunanta ba. Su suna son a ƙara wa kamfaninsu sauka a Legas da Abuja. Mu kuma muka ce za a ƙara, amma da sharaɗin wasu daga cikin jiragen su riƙa sauka a Kano. Alhaji ya daɗe da wannan buri. Yana cewa bai ga dalilin da zai sa ɗan kasuwa ko mara lafiya daga Gaya ko Ajingi ya kwana a hanya yana neman Abuja, alhali ga filin jirgi a ƙofar gidansa ba. Mun kuma san wanda zai gaje shi bai damu da batun ba. In ba a samu Kano a wannan zama ba, to an rasa ke nan. Shi ya sa ya nace a yi zaman a Kano, baƙin su ga garin da idonsu.

Shugaban ayarinsu wani dogon dattijo ne da ya goge a aikin. Da ya zauna sai ya cire agogonsa ya ajiye a gabansa, don haka muka laƙaba masa Mai Agogo. Hujjarsa ɗaya ce, wai Kano ba ta da fasinjan da zai cika musu jirgi. Muka yi ta ja har aka zo ranar ƙarshe, wadda da yammacinta za su tashi. An daidaita komai, batun Kano kaɗai ya rage.

Al'adar Alhaji ce in zai shiga tattaunawa ya kashe waya ya bar ta a mota. Saboda haka da hantsi sai tawa ta yi ta motsi a aljihu. Na fita na ɗauka, ashe ƙanensa ne, Malam Hudu, malamin Islamiyya a can Toranke. Bayan gajeriyar gaisuwa ya ce, "Malam Isyaku, jikin Inna ya yi tsanani. Ana son Yaya a gida yanzu."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ba a jefa wa mutum labarin rasuwa daga nesa, balle ta uwa. Na tambaye shi, "Zuwa yaushe za a jira shi?"

Ya ce, "Bayan azahar, in Allah ya yarda."

Lokacin da na koma ciki, Mai Agogo ya gama shimfiɗa abin da ya kira tayinsa na ƙarshe ke nan: su ba za su karɓi sharaɗin Kano ba, in an ga dama a sa hannu, in ba a ga dama ba kowa ya kama gabansa. Na sunkuya na raɗa wa Alhaji saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya runtse ido, na ga leɓensa yana salati. Sannan ya rufe fayil a hankali, ya miƙe, ya gaya wa baƙin cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ana nemansa a gida, mataimakinsa zai yi musu bayani. Ya san abin da ya faru sarai, amma bakinsa bai iya faɗa ba tun bai je ya gani ba. Ya fita, ko hularsa da ya ajiye a tebur bai ɗauka ba.

To, a wannan sana'a tashi daga tebur tsohuwar dabara ce. Ka ji tayin da bai yi maka ba, ka tattara takardunka ka fita, don ɗaya ɓangaren ya firgita ya sassauta. Ga shi kuma Alhaji ya tashi daidai lokacin da aka ba shi tayin ƙarshe. Mai Agogo ya ɗauki agogonsa ya ɗaura, ya dube ni yana murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce yana yi mata fatan samun sauƙi, amma a shekarun da ya yi yana wannan aiki ya ga iyaye da yawa da suke kwanta rashin lafiya a ranar ƙarshe ta tattaunawa. Ya umarci mutanensa su haɗa kaya.

Kun san ni da saurin fushi, a lokacin ma na fi haka. Allah ya taimake ni na tuna ƙasa nake wakilta, na haɗiye abin da ya fara zuwa bakina. Na ce masa, "Yallaɓai, a wajenmu in an ce wa mutum jikin uwarsa ya yi tsanani ya taho gida, to ta riga ta cika. Yanzu haka ana yi mata wanka. Kuma mu ba ma ajiye gawa, da an yi azahar za a kai ta."

Na ga fuskar dattijon nan ta sauya, har ya ba ni tausayi. Ya juya ya dubi kujerar Alhaji. Abin da ya fara tambaya shi ne nisan garin su Alhaji.

Na yi ƙoƙarin hana shi, na ce hanya ce ta ƙauye kuma damina ce, ga jirginsu da yamma. Ya ce mutanensa su tafi, shi da lauyansu za su tsaya. Haka muka ɗauki motar ofis muka miƙa, muka haye gadar Wudil, muka ratsa Gaya. A hanya ya ce a tsaya ya sayi furanni. Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. Na gaya masa mu ba a zuwa da komai, ƙafarka da addu'arka su ne ta'aziyya. Sai ya roƙe ni in koya masa abin da ake faɗa, ya yi ta maimaita "Allah ya jiƙanta" har direbanmu ya fara amsa masa da amin. Dab da Toranke ruwa ya ci hanya, mota ta ce ba ta san zancen ba. 'Yan acaɓa ne suka ƙarasa da mu, babban jami'in wata ƙasa da kwat ɗinsa a bayan babur, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnen mai tuƙi.

Mun tarar an dawo daga maƙabarta. Alhaji ya samu jana'izar, har shi ya shiga ya karɓe ta a kabari. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza zaune jeri-jeri, ƙafafunsu duk taɓo. Alhaji yana tsakiya da aron hula a kansa, yana amsa gaisuwa. Da ya hango mu ya yunƙura zai tashi, baƙon ya ɗaga masa hannu. Aka kawo masa kujera ya ƙi, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma, ya rasa yadda zai yi da dogayen ƙafafunsa. Ya faɗi addu'ar da ya koya, dattawan Toranke suka amsa gaba ɗaya, wani tsoho har ya ce wannan Allah ya yi masa albarka.

Bayan an ɗan lafa, ya matsa kusa da Alhaji. Ya faɗa masa abin da ya ce a bayan idonsa, bai rage komai ba, ya nemi gafara. Alhaji ya ce ba komai, shi ma da shi ne a wancan gefen haka zai zata. Daga nan sai baƙon ya yi wa lauyansa alama ya buɗe jaka. Ya ce ya janye, ya amince da Kano yadda muka nema, a sa hannu yanzu kowa ya huta.

Ni dai murna ta kama ni. Abin da muka yi ta fama a kai ga shi an kawo har gida. Amma Alhaji ya ɗora hannunsa a kan jakar ya rufe ta.

Ya ce, "Na gode, amma nan wurin zaman makoki ne, ba a ciniki a kan tabarmar nan. Kuma in ka ba ni Kano saboda mahaifiyata, ranar da ka koma gida ba ka da abin da za ka gaya wa mutanenka, su kuma za su warware. Ba zan sayi komai da rasuwarta ba. In za ka iya jira a yi addu'ar uku, mu koma tebur ka ci gaba da musunka."

Baƙon ya ce zai jira. Ya kuwa jira. Ya kira ƙasarsu ya ce zama bai ƙare ba, ya tare a masauki a Kano. Ni aka bar wa shi, na zaga da shi kasuwanni ya ga masu safarar kaya, ya yi ta tambayarsu ta ina suke bi in za su fita waje. Ban tayar masa da zancen yarjejeniya ba, shi ma bai tayar ba.

Da Alhaji ya dawo, wanda ya shigo ɗakin ba zai ce mutanen nan sun taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Mai Agogo ya cire agogonsa ya ajiye, suka kama juna ba sassauci, tun safe har la'asar. A ƙarshe Kano ta shiga, amma ba da yawan saukar da muka nema ba, su ma ba su samu duk abin da suke so a Legas ba. Kowa ya rasa wani abu, kowa kuma yana da abin da zai kare a gaban na sama da shi. Shi ya sa da takardar ta je hannun manya babu wanda ya taɓa ta.

Abin da na koya a wannan zama shi nake so ku riƙe. In abokin tattaunawa ya tashi daga tebur, ku tambayi abin da ya tashe shi kafin ku yanke cewa dabara ce, domin bayan kowace tuta da ke kan teburin nan akwai ɗan wata uwa. Kuma abin da ya kamata ku samu da hujja kada ku karɓe shi don an tausaya muku, ba ya daɗewa. Mutanen wannan sana'a an koya musu ɓoye fuska, har wani lokaci ka ɗauka ba su da zuciya. Suna da ita, ajiye ta suke yi sai an tashi.

Na san haka ne saboda abin da ya biyo baya. Da aka sa hannu aka yi sallama, Alhaji ya sallami direba, ya ce ni zan mayar da shi Toranke. Mun wuce Gaya kaɗan, gero ya rufe hanya hagu da dama, sai ya ce in tsaya. Na gangara gefe na kashe mota. Mutumin da ban ga hawayensa a ƙofar gida ba, ban gani a tebur ba, ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka kamar yaro.

Da ya ɗan sarara ya ce, "Yi haƙuri, Isyaku. Tun ranar ban samu wuri ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yi abinka, babu mai jiranmu." Na fita na tsaya a bayan mota, ina ɗaga wa masu wucewa hannu cewa lafiya, har ya gama.